Watannin da Baba ya yi fushi da ni

Ko da zan manta komai na shekarar korona, ban da abin da ya shiga tsakanina da mahaifina a kan idonsa.

Baba masunci ne a Argungu. Da ƙarfi ya ja baya sai ya koma gyaran koma a ƙofar gida, har yanar ido ta rufe masa ido biyu. Ni na kai shi asibiti a Birnin Kebbi, aka sa mana ranar aiki. Ana saura kwanaki cutar ta shigo, aka rufe sashen ido, aka ce sai wanda ya zo da larurar gaggawa.

Ana cikin haka na ji labari Baffa, ƙanin Baba, ya samo wani mai cire yana na gargajiya, irin masu bin kasuwanni suna sa tsinke su tura yanar cikin ido. Ban tsaya ba, na je ƙofar asibiti na tare wata ma'aikaciyar jinya. Daga nesa ta ce mini yanar ido tana iya jira, amma idon da tsinke ya ɓata ba mai gyara shi.

Da na isa Argungu na durƙusa na gaida Baffa, na faɗa masa. Ya ce, "Ke ɗiyag ga, likitocin naku sun rufe ƙofa sun gudu. Mi kika so mu yi, mu bar shi cikin duhu?"

A gidanmu ɗiya mace ba ta ja da baffanta, ni kuwa Allah ya yi ni da taurin kai. Ban yi musu ba. Na ce a ba ni aron Baba ya kwana biyu a wurina. Baffa ya kasa hana ɗiya ɗaukar ubanta, na sa Baba a mota sai Gwadangaji, inda nake zaune.

Kwana biyu suka zama watanni. Da Baba ya gane, ya daina yi mini magana. In na kawo tuwo sai ya juya fuska bango. Wata rana ya ce, "Da kin bar ni, da yanzu ina ganin ruwa." Na shiga ɗaki na sha kuka, don ni ma ban san ranar buɗewa ba, kuma in ya rasu a haka ni za a nuna. Duk da haka kowane mako ina ƙofar asibiti, har masu gadi suka riƙa cewa ga 'yar ido ta iso.

Da aka buɗe sashen ido, muna cikin na farko. Aka yi aiki, washegari aka cire bandeji. Baba ya bi mu da kallo, kowa da takunkumi a fuska. Ya ce, "Wacce ta ɗiyata cikinku?" Na matso. Ya ce, "Cire abin ga in gan ki." Na cire. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kin rame."

Tun daga nan na san cewa in an rufe ƙofar magani, riƙe mara lafiya ya jira shi ma jinya ce, ko da zai yi fushi da kai.