Ranar Da Na Ƙi Ja Da Baya

A wancan lokacin ni malamin Turanci ne a wata makarantar sakandare a Isa, shekaruna talatin da 'yan kai, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro boko. Ɗalibai suna kirana Malam Ƙamus a bayan idona. Na sani sarai, kuma daɗi nake ji. Ba na fita gida sai da biro biyu a aljihun gaba, ko kasuwa za ni sayen albasa. Edita, ina roƙon a sakaya sunana da na ƙauyenmu, don mahaifina yana raye, kuma abin da zan faɗa ban taɓa faɗarsa a gabansa ba.

Akwai wata kalmar Turanci da nake son koyarwa fiye da kowace, wato retreat, ja da baya. Duk shekara sai na ci darasi guda cur a kanta. Nakan gaya wa yara cewa daga Faransanci Turawan Ingila suka aro ta, kuma asalinta janyewa ne kawai, ba wani abin kunya a ciki. Sojojinsu na dā suna da kiɗa na musamman, ganga ko ƙaho, wanda idan aka buga kowa ya san lokacin janyewa ya yi, kuma sojan da ya ji ya ƙi juyowa shi ne mai laifi. Daga baya suka riƙa kiran keɓewar masu ibada da wannan suna, irin abin da muke ce wa halwa. Yau kuwa manyan ma'aikata su tafi otal su ci kaji kwana uku, su ma su ce abin da suka yi ke nan. Nan aji yake fashewa da dariya, ni kuma in gyara wuyan riga. Nakan rufe da cewa janyewa cikin tsari ilimi ne, ba kowane shugaba ya iya ba. Wallahi da bakina nake faɗa, shekara bayan shekara.

Gidanmu gidan malamai ne, a wani ƙauye tsakanin Sabon Birni da Burkusuma. Mahaifinmu, wanda kowa ke ce wa Malam, idanunsa sun rufe tun ina makarantar horon malamai. Mu biyu ne maza. Yayana bai yi boko ba, shi ya zauna gida, shi ke noma, shi ke karantar da yara da safe, shi ke riƙe hannun Malam ya kai shi masallaci sau biyar a rana. Mutum ne mai sanyin magana, yana ce mini Bature, in na yi dogon bayani sai ya yi murmushi ya ce to Bature, an ji. Da 'yan bindiga suka matsa wa yankinmu bayan damina, suka aiko cewa kowa ya san inda ya nufa, Malam bai yi gardama ba. Ya ce a tashi. Yaya ya kwashe mata da yara da shi kansa Malam zuwa Sabon Birni, gidan wani ɗalibin Malam na dā, aka bar rumbuna cike da gero.

Da na zo ranar Juma'a na tarar da su a cunkushe ɗaki biyu, sai raina ya ɓaci. Amma ba gero na tambaya ba. Na tambayi gafakar kakanmu, wata tsohuwar jakar fata mai ɗauke da littattafan da aka rubuta da hannu, wadda ake cewa tun tashin Alkalawa, tsohon babban birnin Gobir, take hannun zuriyarmu. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce an manta ta a rataye a ɗakin Malam, don ranar hankalinsa yana kan mutane. Na juya ga Malam, ina tsammanin zai yi faɗa. Sai ya ce a bar ta inda take. Ya ce kakanninmu ma da Alkalawa ta faɗi ba tsayawa suka yi a kan kango ba, wasu suka yi Tsibiri, wasu suka bazu, da ƙafarsu daga baya aka dawo aka kafa garin da muke zaune a ciki yanzu. Ya ce abin da ke cikin littattafan nan yana kansa, ya kuma zuba rabinsa a kan Yaya.

Da na ji maganar dattijo na yi shiru, da yau ba wannan wasiƙa nake rubutawa ba. Washegari da hantsi, a ƙofar gida, gaban maƙwabta da baƙin da suka zo gaida Malam, na buɗe baki na zazzaga wa Yaya. Na ce abin da kakanni suka ɗauko a ka cikin yaƙi, shi ya gudu ya bari saboda jita-jita. Na ce tsagar Gobir da ke fuskarsa ado ce kawai. Na ce in ba zai je ba ni za ni, a ga wanda ya gaji gidan. Har yanzu ina ganin yadda ya dube ni. Ya shiga ciki ya turo mashin ɗinsa, ya ce in hau, tunda ban san hanyar daji ba. Ba mu gaya wa Malam ba.

Rana ta take sosai lokacin da muka isa mashigin gulbi, ruwa ya janye sai rairayi. A nan muka haɗu da wani dattijon Bafulatani, aminin Malam tun suna samari, yana koro 'yan shanun da suka rage masa zuwa kudu. Da ya gane mu sai ya ɗaga sanda ya tare hanya. Ya ce tun safe 'yan bindigar suna bakin rijiyar ƙauyenmu da mashina, shi ma ta bayan gari ya zagayo, ya roƙe mu don Allah mu juya. Yaya ya kashe mashin. Maganar Yaya ita kaɗai zan kawo yadda ya faɗe ta, don ba ta bar kunnena ba: "Bature, mu koma gida. Munka zo, munka ji, ya isa. Littahi ba shi kai Malam masallaci." Ni kuwa daga nan ina hango kan kukar ƙauyenmu. Na ce mun zo har nan sannan mu koma hannu biyu, mutanen da na yi magana a gabansu su ce me? Na sauka na kama tafiya da ƙafa.

Ya biyo ni ya riƙe mini riga. Ya ce tunda na kafe, in tsaya da mashin a cikin itatuwan geza na bakin gulbi, in juya shi ya fuskanci hanyar Sabon Birni, shi ya san ta inda zai tsallaka katangar bayan gidanmu. Na yarda, har da jin wai na yi nasara. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Sai na ji harbi, ɗaya, sannan biyu a jere. Can sai ga shi ya ɓullo cikin karan dawa da gudu, gafaka a rataye a wuyansa, ya faɗo bayana ya rungume ni, ya ce in ja. Na tambaye shi ko lafiya, ya ce lafiya lau, in dai ja kawai.

Na ja mashin kamar mahaukaci. Ina jin bayana ya jiƙe, na ɗauka gumi ne. Har ina yi masa magana, Edita, har ina cewa ka gani, ai ga shi mun ɗauko. Yana amsawa da to, to. Da muka hango rufin kwanon farko na Sabon Birni sai na ji hannayensa sun sassauta daga cikina, kansa ya kwanta a kafaɗata. Na tsaya. Da na waiwaya na ga farar rigata ta koma ja tun daga wuya har ƙugu, ihun da na yi ban san daga ina ya fito ba. Mutane suka taru aka ɗauke shi zuwa asibiti, amma kafin a shiga da shi rai ya yi halinsa. Harsashi ta baya ya shiga, gafakar da ke ƙirjinsa ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta na durƙusa gaban Malam na ajiye gafakar a kan cinyarsa, don ban san me zan yi da ita ba. Ya shafa ta da hannu, ya gane ta. Na jira ya tsine mini, ina ma so ya yi. Bai buɗe ta ba. Ya miƙo mini ya ce in rataye. Da aka kira la'asar ya miƙe ya miƙa hannunsa gefen dama, inda Yaya yake tsayawa kullum, hannun ya tsaya a iska. Kowa a wurin ya gani. Ni na tashi na kama.

Na nemi canjin wurin aiki na dawo Sabon Birni. Matar Yaya da 'ya'yansa huɗu suna hannuna, tana gaishe ni da ladabi kowace safiya, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba. Darasin nan na daina yin sa. In mun zo kan kalmar a littafi sai in faɗi ma'anarta a taƙaice in wuce. Na san asalinta, na san tarihinta, na koyar da cewa wanda ya ji kiɗan janyewa ya ƙi juyowa shi ne mai laifi. An buga mini shi sau uku, ta bakin mahaifina, ta bakin amininsa, ta bakin Yaya, na toshe kunne don kada 'yan ƙofar gida su ce na ji tsoro. Waɗannan mutanen kuwa ba wanda ya ƙara tuna abin da na faɗa ranar.

Ina kira ga 'yan'uwana, musamman mu da muka ɗan yi karatu muke zuwa gida hutu da baki cike da bayani: in waɗanda suka zauna cikin wuyar suka ce a janye, ku janye. Kada ku kunyata mutum a gaban jama'a har ya zaɓi mutuwa a kan ya ƙi ku. Gafakar tana nan a rataye, ba wanda ya buɗe ta har yau. Ni ke kai Malam masallaci yanzu, kuma wani lokaci in na kama hannunsa yakan kira ni da sunan Yaya. Ban taɓa gyara masa ba, amsawa nake yi.