Dogo da Jajayen Fitilu Biyu

Labarin da ke yawo a layinmu wai Dogo ya auri aljanar motar gidan burodi. Wai kullum da safe sai ya sumbaci sitiyari ya yi mata raɗa, sannan ta yarda ta motsa. Mai faci na bakin titi har rantsuwa ya yi cewa ya ga ta ƙifta masa ido.

To ku kwantar da hankalinku, ƙarya ce. Dogo ɗan goggona ne, abokin wasana, na san shi ciki da bai, kuma babu aljanar da za ta kalle shi sau biyu. Ba sumba yake yi ba. Haɓarsa yake ɗorawa a kan sitiyari don ya ji ko inji na kaɗawa.

Tun yana ƙarami aka kai shi aiki gidan injin niƙa, ya girma a gindin wannan ƙara har kunnuwansa suka zama ado. Ba wai ba ya ji sam ba. In tsawa ta faɗi a tsakar gida zai ɗago ya ce kamar an yi sallama. Da ya koyi tuƙi ya samu aikin kai burodi kantuna, bai gaya wa maigidansa komai ba, don ya san ba mai ba kurma makullin mota. Bakin mutum yake kallo, in ya kasa ganewa ya ce to, ranka ya daɗe. Maigidan ya taɓa tambayarsa ƙarfe nawa, ya ce masa to.

Abin da ya rufa masa asiri fitilu biyu ne jajaye da ke gaban direba, ɗaya mai hoton buta tana ɗiga, ɗaya mai hoton batir. Ya yi mini bayaninsu har na kusa zama injiniya. In ka murɗa makulli rabi, duk sai su kama, kamar 'yan aji suna amsa suna. In inji ya tashi, famfonsa ya tura baƙin mai da ƙarfi, sai ta butar ta ɗauke. Abin cajin mota ya fara ba batir wuta, ita ma ta batir ta ɗauke. Da ya ga sun ɗauke ya san inji na da rai, sai ya saki makulli. In suka dawo tare a tsakiyar hanya, mota ta mutu ke nan. In ta butar ce ta kama ita kaɗai, wannan ba shawara, tsayawa ake yi nan take. Da waɗannan ƙwayayen fitila biyu ya ciyar da matarsa da 'ya'yansa da Goggo, har ya yi tumbi.

Ana nan sai ta batir ta fara ƙyaftawa a kan hanya. Dogo ya faɗa wa maigida. Washegari ya sake faɗa. Maigidan mutum ne da ko ƙusa ba ya son saya, ya ce mota na tafiya, burodi na isa, wace irin fitila ce za ta hana shi sakat. Ya kira wani mai gyaran wayoyin wutar mota ya ce a kashe masa ita. Shi kuwa gwanin ya zura hannu ya zare ƙwai, ashe na butar ya zaro. Ya sake zurawa ya zaro na batir, ya zuba duka biyun a aljihu ya tafi.

Dogo na tsaye yana kallo. Me zai ce? In ya ce a mayar, za a tambaye shi dalili, a ce direba ai da kunne yake jin motarsa. Allurar da ke nuna juyin inji kuwa ta mutu tun motar tana budurwa. Ya bi mai gyaran har shago, ya tarar ya riga ya sa ƙwayayen a wata motar. Ya nemi irinsu a kasuwa, aka ce sai dai a jira.

Daga nan aka fara sumbar sitiyari. Wata rana ya yi ta murɗa makulli alhali inji ya daɗe da tashi, sitata mai tayar da inji na kuka har ƙarshen layi. Wata rana kuma ya zauna a danja yana ta taka totur a mataccen inji, motoci sun yi layi a bayansa suna ta hon, shi yana mamakin yadda gari ya yi tsit. Ya rame. Matarsa ta ce ko a tabarma ya kishingiɗa haɓarsa na neman abin da za ta dafa.

Ranar da abin ya ƙare, ya taka wani rami, dutse ya huda cikin motar ta ƙasa, baƙin mai ya dinga tsiyaya. Fitilar da za ta gaya masa tana gaban wata motar tana yi wa wani aiki. Inji ya fara ƙwanƙwasa kamar maƙera ɗari sun haɗu a ɗaki ɗaya. Mutane suka fito daga kantuna suna ɗaga masa hannu, shi ma yana ɗaga musu yana murmushi, yana cewa yau ya yi farin jini. Haka ya tafi har inji ya buga.

Maigida ya zo a guje, ya tsaya a bayansa ya kira shi. Ya sake kira. Dogo na duƙe yana kallon man da ya malale a kwalta, bai waiwayo ba. Mutumin ya zagayo gabansa, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙa hannu ya karɓi makulli. Ko maganar ƙwayaye ba a tayar ba. Kafin la'asar duk mai mota a garin ya ji cewa Dogo kurma ne, don haka duk inda ya je neman aiki sai a nuna masa kunne a girgiza kai.

Jiya na same shi a ƙofar gida yana goge takalman tuƙinsa. Na tsuguna daidai fuskarsa yadda zai ga bakina, na ce ango, na ji amarya ta rasu, an ce ta yi ta kiran sunanka har ta cika ba ka amsa ba.

Ya ajiye takalmin ya dube ni.

"Kai ɗan kawu, kullum ina roƙon Allah ya dawo mini da jina. Amma duk ranar da na ga bakinka na motsi, sai in ce ya Ubangiji, ba gaggawa."