Ranar da Surukar Baba Ta Kama Gemunsa

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi aka dawo da ƙanena aiki daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi. Ya kama haya a unguwar Badariya shi da matarsa, ma'aikaciyar jinya. Ni dai ban taɓa ganin mai kunyar suruki kamarta ba. In sun zo gida Gulma, tun daga zaure take cire takalmi, ta durƙusa can nesa ta gaida Baba, idonta a ƙasa. Har tsokanarta nake yi, ina cewa in ta gamu da shi a kasuwar Argungu ba za ta shaida shi ba, don ƙafafunsa kaɗai ta sani.

Wata Asabar lokacin yankan shinkafa suka zo. Baba ya dawo daga fadama da tsakar rana, ya ajiye lauje, ya ce a miƙo masa buta. Bai kai ga karɓa ba ya yanke jiki ya faɗi.

Ƙanena ya ruga neman mota, mu kuma muka yi abin da muka gada. Inna ta ɗora kansa a cinyarta, ta rungume shi har gemunsa ya taɓa ƙirji. Ni na fasa albasa na kara masa a hanci. Albasa ba ta tsinana komai ba. Sai wani minshari mai nauyi ya soma fita daga maƙogwaronsa, yana ja yana tsayawa, leɓɓansa suka yi toka-toka. Irin sautin da muka ji ke nan ranar da kakarmu ta cika. Inna ta sunkuya tana karanta masa kalmar shahada.

Daga madafa matar ƙanena ta fito, hannunta duk ƙullun waina.

Ta ce, "Inna, sauke kainai ƙasa. Halshenai na yat toshe mishi hanyar lumfashi."

Inna ta ce, "Ɗiyata, bari shi cika bisa jikina."

Ba ta tsaya musu ba. Ta sa hannu biyu ta ɗauke kan daga cinyar Inna, ta kwantar da shi rigingine a ƙasa. Ta buɗe bakinsa ta leƙa. Sannan ta dafa goshinsa da tafin hannu, ta cusa yatsun ɗaya hannun cikin gemun nan, ƙarƙashin haɓa, ta ɗaga har gemun ya dubi sama.

Minsharin ya ɗauke. Na ce shi ke nan, Baba ya tafi. Ita kuwa ta kara kuncinta a bakinsa, idonta a kan ƙirjinsa. Sai na ga ƙirjin ya taso, ya sauka, ya sake tasowa, ba ƙara ko kaɗan.

Tsigar jikina ta tashi, har yau kuma tana tashi in na tuna. Mutumin da ke saɓa buhun shinkafa shanshera shi kaɗai, ashe tsakaninsa da lahira ɗan ɗagin haɓa ne da bai kai tsawon yatsa ba. Daga baya ta gaya mini in mutum ya suma harshensa kan saki ya koma baya, lanƙwasa wuya kuma ƙara rufe hanyar yake yi. A ranar dai ta juya Baba a gefe, ta hana a ɗura masa ruwa, ta tsare shi har mota ta kai shi asibitin Argungu.

Da aka sallamo shi, muna zaune a tsakar gida ya shafa gemu ya ce, "Wai wa yas sa min ƙullu a gemu? Can asibiti na ishe shi ya bushe."

Matar ƙanena na jin sa. Tana durƙushe can bakin zaure inda ta saba, ta ɓoye hannayenta cikin mayafi. Baba ya dubi wajen. Sannan ya juya ga Inna ya ce:

"Ki ce mata Allah shi yi mata albarka."