Ranar Da Aka Zo Gaisuwar Baba Yana Shan Kunu

Matso kusa ka ji, ko ki ji in ke ce, don labarin nan ba na tsaye ba ne. Shekaru sun ɗan ja, yaran da ake goyo a lokacin su ake aike kanti yanzu. Ina iya manta abin da na dafa jiya, amma ba zan taɓa manta ranar da aka zo mana gaisuwar mutuwar surukina yana zaune a tsakar gida yana shan kunu ba.

A Tudun Wada muke, a gidan da shi surukin nawa, Baba, ya gina tun zamanin haƙar kuza. Ni ba mai fita ba ce, karatuna ma bai wuce na gane sunana a katin asibiti ba, amma abin da ya shiga kunnena ya zauna ke nan. Maigidana direba ne, ya fi kwana a hanya, saboda haka gidan daga ni sai Baba sai 'yata ta fari. Sunanta kam ba za ku ji a bakina ba. Ban taɓa kira ba, ba kuwa yau zan fara ba.

Baba tela ne da na san shi, amma a samartakarsa gola ne, mai tsaron ragar ƙungiyar ƙwallon ma'aikatan kuza, har jaridun da sun buga hotonsa yana shawagi a sama kamar shirwa. Ita kuwa yarinyar ta gama jami'a tana jiran aiki, sai ta faɗa cikin masu rubuta kundin nan na ilimi da ke intanet da Hausa, wanda kowa ke iya sa hannu a ciki don Allah. Rubutun bai ishe ta ba, sai da ta kutsa can ciki, inda take ce wa kicin ɗin kundin.

Ga yadda ta fahimtar da ni wata rana muna tsintar shinkafa. Ta ce a shafin kowane mutum akwai ɗan akwati a gefe mai gurabe: suna, haihuwa, sana'a, rasuwa. Mutane ke cika guraben. A bayan akwatin akwai wani ɗan inji da ake rubutawa da hannu, modul suke ce masa, shi ke karɓar abin da aka zuba ya jera shi yadda mai karatu zai gani.

"Matsalar, Umma, mutane ba sa zubawa da tsabta. Wani ya bar fili gaba da baya, wani ya kwafo akwatin gaba ɗaya ya bar rabin guraben ba komai, wani ya rubuta mutuwa inda wani ya rubuta rasuwa. Injin kuwa ba shi da wayo, ko iska aka zuba masa sai ya ɗauka abinci ne. Aikina in tsince masa kafin ya ɗora tukunya."

Na ce, "Ashe ke ma tsintar kike yi, kika bar ni da tawa."

A ranta babu abin da take so kamar ta yi wa kakanta shafi. Shi kuwa ya ƙi. Ta bi shi da lallashi, ya bi ta da tsokana, don tun tana rarrafe amarya yake ce mata, ita kuma ta ce masa tsohon ango. Da ta tono tsofaffin jaridun nan daga ƙasan akwatinsa ta shimfiɗa masa a tabarma, sai ya sauko. Ya yarda, amma da sharaɗi, kuma a gabana aka yi.

"Amarya, na rayu ba a yi mini ƙarya a gari ba. Ranar da abin nan naki ya yi mini ƙarya, ki goge ni, ke ma ki tsame hannunki daga aikin. Kin yarda?"

Ta ce ta yarda. Da dariya ta faɗa, amma a gidanmu alkawarin da aka yi wa Baba ba a warware shi.

Suka zauna cika akwatin, tana karanta masa gurbi yana ba ta amsa. Da aka zo na ƙarshe sai ta yi sauri za ta wuce. Baba yana da ido.

"Wancan na ƙasa fa, me ya ce?"

"Rasuwa ne. Haka ake barinsa ba komai."

"A'a. Ki haƙa mini rami ki bar shi a buɗe yana jirana? Rufe shi. Rubuta Allah ya ja kwana."

Ta ce ba wurin addu'a ba ne. Ya ce duk inda aka ambaci mutuwa wurin addu'a ne. Ni ma daga bakin murhu na ce amin, don ban ga laifin maganar ba. Ta rubuta masa, aka wuce wurin, kowa ya manta. Duk baƙon da ya zo sai Baba ya sa an nuna masa shafin, ya ce a duba har addu'a aka yi masa a intanet.

Damina ta zagayo. Abokan aikinta suka yi shawara cewa bai dace sunan mamaci ya fito tsirara kamar na mai rai ba, ya kamata akwatin ya riƙa sa Marigayi ko Marigayiya da kansa. Ita aka ba aikin, kuma ta ji daɗin da ban taɓa ganin ta ji ba. Ta yi kwanaki a kai, a ƙofar ɗakina, da rigar sanyi biyu, in wuta ta ɗauke ta kai kwamfutar caji shagon mai aski. Ta gwada da gurbin da ba komai, injin ya jefar da shi. Ta gwada da wanda aka bar fili, ya share filin ya jefar. Ta gwada da na mamata na gaske, Marigayi ya fito tsaf. Dokar da ta ba shi ke nan: in ka tsince ka ga da saura a gurbin rasuwa, to mutumin ya rasu. Wata yamma ta saki aikin ya hau kan dukan shafuka, ta zo ta rungume ni ta baya har na kusa zubar da miya.

Washegari da hantsi, ruwa ya ɗauke rana ta ɗan leƙo, Baba yana can ƙuryar tsakar gida a kujerarsa da kofin kunun gyaɗa. Ina shara a zaure sai maƙwabciyata ta shigo, wata Kirista da muka tashi yaranmu tare, ta ɗaura ɗankwali har goshi, idonta jawur. Ta kama hannuna biyu.

"Maman yara, sannu fa. Baba ya tafi shi ne ba ku buga mana ƙofa ba? Sai yarona ya gani a waya?"

Na ce, "Ya tafi ina?"

Ta dube ni, na dube ta. Wallahi duk da minti kaɗan da suka wuce ni na miƙa masa kunun, sai da na saki tsintsiya na leƙa. Yana nan yana hura kofi. Na jawo ta na nuna mata. Matar nan ta zauna daɓas a dakalin zaure, ta rasa kuka za ta ci gaba da shi ko dariya.

Na kira yarinyar, ta buɗe shafin. Ban iya karantawa ba, amma na karanta fuskarta. Ta ce a hankali, "Addu'ar nan ce, Umma. Ya tsince ya ga da saura." Nan take ta mayar da injin yadda yake kafin jiya, kalmar Marigayi ta ɓace daga gaban sunan Baba. Amma maganar ta riga ta fita, don wani ya ɗauki hoton shafin ya tura a waya, kuma ka san mu: ba a kiran gidan mutuwa a ce wai da gaske ne? Takalmi ake sawa a taho.

Muna cikin sallamar mutanen unguwa a ƙofa, ina cewa a yi haƙuri kuskure ne, sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya. Wani tsoho ya sauko da ƙyar da sanda. Abokin Baba ne tun na ƙwallo, shi ke tsaron baya a gabansa, yana zaune a Kuru, kuma rabonsa da gidanmu tun yarinyar tana firamare. Ba faɗa suka yi ba, kawai yau da gobe ce. Bai saurari kowa ba, ya shiga zaure ya zauna ya ɗaga hannu ya fara addu'a, hawaye na bin gemunsa. Hayaniyar ce ta taso Baba. Ya fito da kofinsa a hannu ya tsaya a kansa, ya bari sai da ya shafa, sannan ya ce amin.

Tsohon ya ɗago. Ya dube shi ya ce, "Kai Gola, har mutuwar ma ture ta ka yi ta saman raga?"

"To da wa zan dogara? Kai da ba ka taɓa tare kowa ba?"

Aka yi dariya. Da mutane suka watse ya koma kujerarsa, abokin nasa ya zauna a gefensa. Can ya kira yarinyar, kuma da sunanta na yanka ya kira, abin da ban taɓa ji a bakinsa ba. Ta zo da kwamfutar ta durƙusa ta ajiye a gabansa.

"Kaka, na yi maka alkawari. Zan nemi a goge shafin yanzu, in gaya musu na bar aikin."

Muryarta ba ta yi rawa ba, amma ni na haife ta. Na san abin da aikin nan yake a wurinta a shekarun da ta yi tana aika takardun neman aiki ba amsa. Suruka ba ta sa baki a irin wannan, sai na tsaya a bakin kicin ina goge tukunyar da na riga na goge.

Baba ya ce, "Kafin nan, gaya mini yadda aka yi na mutu."

Ta yi masa bayani kamar yadda ta yi mini. Ta ce injin ba ya gane magana, abin da ya sani kawai akwai ko babu.

"Wato addu'ata ce ta kashe ni."

Sai ya ƙara jefo mata tambaya.

"Ni kaɗai ne?"

Ta ce a'a, ta duba, da dama. Ta fara karanto abin da mutanenmu suka zuba a gurbin rasuwar masu rai. Wani ya rubuta yana nan da ransa. Wani ya rubuta ba yanzu ba. Wani ya ce sai ta Allah ta yi. Tsohon Kuru ya riƙe ciki, ni ma na toshe baki da gefen zane. Ashe duk jinin ɗaya ne, ba mai iya ganin ramin ya wuce.

Abokin ya ce, "Gola, ni dai ba don ƙaryar nan ba, da sai ta gaske za ta kawo ni, kuma ba za ka ce mini amin ba."

Baba ya juya kofinsa a hannu. "In kin tafi, wanda zai zo bayanki ya san halinmu? Ko shi ma zai sake kashe mu ne gaba ɗaya?"

"Zai iya."

"To injin bai yi mini ƙarya ba, abin da na ba shi ya dafa. Ni na sa sharaɗi, ni na janye. Tashi ki gyara, amarya. Na gane so kike ki yi takaba ki auri yaro, to ban shirya ba."

Sai a lokacin ta fashe da kuka.

Ta koya wa injin cewa ba kowace saura ce mutuwa ba: in bai ga shekara da lamba a gurbin ba, kada ya sa wa kowa Marigayi, ya ware shafin gefe mutum ya zo ya duba da idonsa. Ita da abokan aikinta suka bi shafukan suna kwashe addu'o'in. Da ta zo kan na Baba sai ta tsaya.

"Tsohon ango, in na cire, ramin zai zauna a buɗe fa."

"Masu karatu za su gan shi?"

"A'a. In babu komai injin jefar da shi yake, ba ya nunawa."

"To bar shi. Dama a buɗe yake, ni ne ba na son kallo."

Tsohon Kuru ya kwana biyu a wurinmu, daga nan kuma kusan kowace Juma'a sai ya zo, su zauna a rana suna gardamar ƙwallayen da aka ci tun ba a haife ni ba. Ina kewar muryoyin nan fiye da yadda zan iya faɗa.

Baba ya ƙara shekaru masu kyau kafin ta Allah ta kasance. Lokacin yarinyar ta yi aure tana Daɗin Kowa, tana aikinta, ba ta kuma saki kundin ba. Bayan an share makoki ta zauna a kujerarsa ta buɗe kwamfuta, ta kira ni in tsaya kusa da ita. Lambobi kawai ta rubuta a gurbin. Kalmar ta fito da kanta a gaban sunansa, kuma wannan karon ko ni da ban yi karatu ba na gane ta.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, mai tsintar aikin mutane ba tsakuwa kaɗai zai sani ba, sai ya san halin masu zubawa, don wani abin da zai tarar a tire da kyakkyawar niyya aka sa shi, wurin ne kawai ba nasa ba. Ta kuma koya mini cewa gaisuwar da aka fi jin daɗinta ita ce wadda mai ita zai iya amsawa. To kai fa, wane ne kake jira sai ka ga an rubuta masa Marigayi kafin ka sa takalmi ka je?