Gyaɗa Mai Suna Biyu

Lokacin da abin nan ya faru ina amarya 'yar shekara ashirin da uku, wata bakwai kacal da saukata Amurka. Maigidana injiniya ne, ya riga ni zuwa da shekaru, ya kama mana gida a Largo, irin jerin gidajen nan da bango ɗaya ne tsakaninka da maƙwabci. Karatuna a sakandare ya tsaya, a Zariya, amma a ganina Turanci ba zai ba ni wahala ba, don ni ke zuwa ta ɗaya a darasin girki, kuma duk sunayen kayan abinci da malamarmu ta rubuta a allo na haddace su. Abin da ban sani ba, Turancin Ingila ta koya mana, mutanen nan kuwa nasu daban ne. Na rubuto muku ne don na gaji da riƙe labarin nan ni kaɗai. Ko a gidanmu ba kowa ya san gaskiyarsa ba.

Da farko abin dariya ne. Na shiga kanti na ce a ba ni biscuit na shan shayi, aka miƙo min wani burodi mai laushi kamar fanke marar sukari, ashe namu biskit ɗin cookie suke ce masa. Na nemi chips, wato soyayyen dankali mai zafi, aka ba ni busasshen dankali a leda. Ranar da maigidana ya nuna min niƙaƙƙen nama an rubuta ground beef a jiki, na ce masa wallahi ba zan dafa naman da su da kansu suka rubuta cewa na ƙasa ne ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki, daga ranar ya sa min suna Jikar Sarauniya. Duk lokacin da abokansa suka zo cin tuwo sai ya ce in zo in ba su labarin naman ƙasa, matansu na tuntsira dariya suna cewa amarya sai a hankali. Ba da mugunta yake yi ba, Allah ya sani, amma abin yana cina. Sai na yanke wa kaina shawara: daga yanzu ba zan ƙara tambaya ba. Duk abin da aka faɗa in gyaɗa kai, in na dawo gida in laluba ma'anarsa ni kaɗai.

Maƙwabciyata Ba'amurkiya ce baƙar fata, nas a wani asibiti kusa da mu, mijinta kuma direban motar raba kaya. 'Yarsu ɗaya, mai shekara bakwai, siririya mai surutu, haƙorinta na gaba yana girgiɗi tana ta wasa da shi da harshe. Ni na koya mata ce min Anti. Allah bai ba ni haihuwa ba a lokacin, gidan shiru tun safe har yamma, don haka yarinyar nan ta shiga raina sosai. Da ta ji ƙamshin albasa a mai sai ta leƙo ta taga tana tambaya yau kuma me Anti ke ƙonawa. Abu ɗaya ne ke damuna, uwarta ba ta taɓa barinta ta ci komai a gidana ba. Na ɗauka ƙyamar abincinmu take, na riƙe abin a zuciya ban faɗa wa kowa ba.

Wata Alhamis bayan na idar da azahar ta ƙwanƙwasa min ƙofa cikin kayan aiki, tana haki. An kira ta ta karɓi aikin wata da ba ta da lafiya, mijinta kuma sai ƙarfe biyar zai dawo, ko zan riƙe mata yarinyar awa biyu in ta sauka daga motar makaranta. Na ce ai 'yata ce. Sai ta kama hannuna, ta rage saurin maganarta kamar mai yi wa ƙaramin yaro bayani, ta ce ga abincin yarinyar nan a jaka, kuma ko kusa kada ta ci peanut, jikinta ba ya ɗauka, yana iya kashe ta. Ta fito da wata allura mai kama da biro mai kauri, ta gwada min a cinyarta yadda ake caka ta in ciwon ya taso, ta sa ta cikin jakar. Sau biyu tana tambayata ko na gane, sau biyu ina cewa na gane. A kaina kuwa lissafi nake: peas dai na san shi, koren waken nan da ake zubawa a soyayyiyar shinkafa, to peanut ai busasshensa ne, ni kuwa ba ni da shi a gida. Tambayar ta zo har bakina, na haɗiye ta.

Waina nake yi ranar da miyar taushe, don ita ce maigidana ya fi so. Kabewa da alayyahu na samo a shagon 'yan Afirka da ke Landover, gyaɗar kuwa Hajiyarmu ce ta soya ta niƙa da hannunta ta aiko min a kwalba, babu rubutun komai a jiki. Yarinyar ta hau kujera tana kallon yadda nake juya waina a tanda, tana cewa ba ta taɓa ganin fanke mai ƙiba haka ba. Ta ture abincin jakarta gefe ta ce na Anti take so. Ku da kanku kun san yadda aka raine mu, ba a dafa abinci yaro na kallo a hana shi. Na zuba mata waina biyu da miya. Kafin ta sa hannu, baiwar Allah, sai da ta ɗago ta tambaye ni kamar yadda aka koya mata, ko akwai peanut a ciki. Na ce babu ko ɗaya. Na ma lissafa mata abin da ke ciki da Turancina na makaranta, har na zo kan groundnut, wato gyaɗa. Ta ce mene ne shi kuma. Na ce abincinmu ne na gida, yana sa yara tsawo. Ta yi dariya, ta dangwala, ta ci loma uku, ta ce ya fi girkin mamanta daɗi amma kada in faɗa.

Ban gama kwashe wainar da ke tanda ba na ji tana kakari. Da na juyo tana susar wuyanta da hannu biyu har farcenta na barin shaida, leɓunanta sun kumbura sun yi suntum, idanunta sun shige ciki. Numfashinta ya koma wani irin fito. Ta yi amai, ta sulalo daga kujera, goshinta ya bugi ƙafar tebur, ta fara dukan ƙasa da dugaduganta. Tana miƙa hannu wajen jakarta, ni kuwa hankalina ya riga ya bar Largo ya koma gida. Na tuna ranar da ƙanwata ta sha wani magani a ɗakin kakarmu, aka danne ta aka ɗura mata manja. Ban ko kalli jakar ba. Na fizgo galan ɗin manja, na zauna a kan ƙafafunta, na matse kumatunta, na cusa cokali tsakanin haƙoranta da ƙarfi har haƙorin nan mai girgiɗi ya fita. Tana yagar fuskata, ta cire min ɗankwali, tana juya kai, ni ina salati ina ƙara ɗurawa. Ina ganin ceto nake yi. Manja da jini suka haɗu suka wanke mata fuska da riga, suka malale a ƙasan kicin.

A haka ubanta ya same mu. Ya dawo da wuri, ya ji ihuna ta bango, ƙofa kuma a buɗe. Ya ga mace zaune a kan 'yarsa, bakin yarinyar jajir. Ta wuyan riga ya ɗaga ni ya maka ni da firij, na ji kafaɗata ta yi ƙara kamar an karya ice. Na rarrafo zan koma wajenta ya sa takalminsa na aiki ya haure ni a haƙarƙari, na faɗa jikin murhu, tukunyar miya ta kife min a ƙafa. Yana ihu yana tambayar me na ba 'yarsa, yana zagina da kalmomin da ban san su ba. Ya zazzage jakar, ya caka mata allurar a cinya ta saman wando, ya riƙe yana ƙirga, ɗaya hannun yana kiran lambar gaggawa. Ina kwance ina kallon ƙirjinta, ban ma ji zafin miyar ba. Da ta ja numfashi na farko, kamar ana yaga tsumma, sai ya waiwayo ya ga kwalbar gyaɗa a kan tebur. Ya shinshina, ya wurgo ta, ta fashe a bango daf da kaina, kwalba ta tsaga min kunne.

Motar asibiti ta tafi da su, 'yan sanda suka sa min ankwa a hannun da ke lilo, don uban ya ce musu guba na ba ta. Wata 'yar sanda ta tsuguna ta lakato gyaɗar daga bango ta tambaye ni mene ne wannan. Na ce groundnut ne, ba peanut ba ne, ina kuka ina rantsuwa. Ta shinshina, sannan a hankali ta ce min ai wannan shi ne peanut. Sai a lokacin na gane abin da na ba yarinyar. Maigidana ya sauko daga jirgin ƙasa ya tarar da ni zaune a matakalar gida, kai babu ɗankwali, jini da manja a jiki, maƙwabta sun fito suna kallo. Shi ya yi musu bayani har suka kwance ni. A mota, a hanyar kai ni asibiti, yana tuƙi yana hawaye, yana cewa shi ya jawo, shi ya hana ni tambaya da bakinsa.

Asibitin da uwar take aiki nan aka kai yarinyar, tana bakin aiki aka turo mata 'yarta a gado. Kwana biyar na'ura ce ke yi mata numfashi. Abin da likita ya faɗa wa maigidana shi ya fi karya ni: gyaɗar ta toshe maƙogwaro, amma allura ta buɗe shi, abin da ya kusa kashe ta shi ne manjan da ya gangara huhunta. Ni ina gida da ɗauri a kafaɗa da ƙuna a ƙafa, sallah a zaune, ba ni da addu'a sai Allah ya ɗauki raina ya bar nata. 'Yan sanda sun dawo sun tambaye ni ko zan shigar da ƙarar uban. Na ce a kan me? Da ni na tarar da wata a kan 'yata haka, ban san abin da zan yi ba. A rana ta biyar aka ce ta buɗe ido.

Bayan an sallame su nakan ji tarinta ta bango, kowane tari in ce alhamdu lillahi, tana raye. Wata rana da safe uwar ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi shigowa. Tambaya ɗaya ta yi min, me ya sa na ce na gane alhali ban gane ba. Na so in ce mata Turancinmu ne daban, amma na san ba shi ba ne. Na ce kunya na ji. Ta ɗaga hannu, na rufe ido ina jira, wallahi da ta mare ni da na ji sauƙi. Ba ta mare ni ba. Ta ce kunyata ta kusa sa ta binne 'yarta, ta juya. Ƙarshen wata suka tashi, ban ƙara ganin yarinyar ba.

Shekaru sun wuce, na daɗe da daina ɗora laifin a kan Turanci. Kalmar ba ta ɓoye min komai ba, ni na ƙi tambaya don kada a ce ban waye ba. 'Yan'uwana mata masu zuwa ƙasashen nan, in aka faɗa muku sunan abinci ba ku tabbatar ba, ku ce a nuna muku da ido, ko da za a yi muku dariyar shekara. In uwa ta ce kada a ba ɗanta abu, ba ƙyama ba ce, ku bar karamcin nan namu a gefe. In ciwo ya taso ku yi abin da aka nuna muku, ku bar manja a inda yake. Ku kuma maza, ku san irin wasan da kuke yi da matanku a gaban mutane. Yau 'ya'yana uku, kuma duk ranar da abokansu za su ci abinci a gidana, kafin in ɗora tukunya sai na jera duk abin da zan zuba a kan tebur, na kira uwar yaro ta gani da idonta, har gishiri. Wasu suna dariya. Ina barinsu su yi.