Tautau a Cikin Safar Hannu

Na san in na ce maku ƙwaron da bai kai ƙwayar wake ba ya sauke ni daga kan moto, za ku ce ga ɗan tashar nan ya fara zuba. To ku zo Gazawa ku ga hannuna na dama, sannan ku ƙaryata ni. A lokacin ni ɗan kabu-kabu ne, irin wanda in ya murza totur har kajin ƙauye sun san wucewarshi. Bakina kuwa ya fi moton gudu. A tasharmu ni ne likita, ni ne alƙali, ni ne mai labarin abin da ban gani ba.

Ranar kasuwa ce, bayan an sha ruwan sama kwana biyu. Na zaro safar hannuna daga jikin dannin zana inda na soke ta, na zura hannu ban kakkaɓe ba. Sai na ji tsit a bayan hannu, kamar ƙaya. Da na cire safar, wani ɗan tautau ya faɗo ya ruga. Wurin ya yi ja, ya ɗan tasa, da ɗigo biyu ƙanana a tsakiya, yana ƙaiƙayi. Shi ke nan fa abin da ya faru. Amma kafin in kai tasha, a bakina gizon ya zama girman kwaɗo, mai gashi kamar bunsuru.

To ai kun san 'yan tasha. Tunda na ce girman kwaɗo, sai suka ba ni maganin girman kwaɗo. Wani ya ce a ɗaure kamar saran maciji kada dafin ya hau zuciya, aka yanko robar taya aka tamke mini wuyan hannu. Bakanikenmu ya ce shi duk ciwon da ya ji bai taɓa wuce man birki ba. Ni kuma da kaina, don kada a ce likitan tasha ba ya da ta cewa, na karɓi reza na tsaga wurin, na ce a zuba man birkin. Wallahi na ga taurari da rana tsaka, amma na yi ta dariya, na hau moto na yini ina jigilar 'yan kasuwa da robar nan a hannu.

Da la'asar yatsuna sun koma kamar rogo, ba na jin su. Na kwance robar, na ce gobe zai saɓe. Kwana uku ina faɗin gobe. A na huɗu tsagar ta fara ruwa da wari, jan ya hau har gwiwar hannu, zazzaɓi ya kwantar da ni. Wana ne ya ɗora ni a amalanken jaki zuwa gidan likita, ni da nake yi wa masu amalanke ba'a kullum.

Babbar ma'aikaciyar wurin, wadda muke ce ma majo, dattijuwa ce marar son wasa. Ta tambaye ni kamannin gizon, na fara kawo kwaɗo, ta harare ni, na koma ƙwayar wake. Ta ce yawancin cizon gizo ruwa da sabulu yake so, a ɗora tsumma mai sanyi, a ɗaga hannun, a bar sosa. In jan yana faɗaɗa, ko tsakiyar ta yi baƙi, ko an ji murɗar ciki da gumi da wuyar numfashi, to a taho wurinsu a ranar. Ba a ɗaurewa, ba a tsagawa, man birki kuwa na birki ne.

Wata biyu ina zaryar wankin ciwo da allura. Hannun ya tsira, amma yatsu biyu sun sandare, ba su naɗuwa a totur. Yanzu wani ke hawan motona, ni ina zaune a benci ina kallon ƙurarshi. Abin da ke ci mini rai, ba wanda zan kama. Don haka 'yan'uwa, ku kakkaɓe safa da takalmi kafin ku sa. In abu ya cije ku, ku faɗi girmanshi na gaskiya, kuma kada ku kai ciwonku inda kowa likita ne.

Ranar da aka sallame ni, na ce ma majo na rantse ba zan bar tautau ko ɗaya da rai a Gazawa ba. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce:

"Ƙyale bawan Allah, ɗana. Shi cizo ɗaya ya yi maka ya kama gabanshi. Sauran ɓarnar duk kai ka yi abinka."