Zaren Kaset a Gonar Namadi

Duk wanda ya tashi a Tambuwal zamanin da bidiyo ke tashe ya san Namadi Mai Tsuntsaye. Ba kiwo yake yi ba, ko kaza ba shi da ita. Sunan ya samo shi ne daga wani tsohon fim na Turawa, wanda ya fi duk kaset ɗin da ke rumfarsa ta kallo a bayan tasha jan mutane.

Labarin fim ɗin ba wani dogo ba ne. Tsuntsaye ne suka haukace, suka afka wa wani ƙauye, suna fasa tagogi suna tsattsage mutane. Babu mai jin Turancin, har shi Namadin, amma shi ke fassara. Sai ya tsaya gefen talabijin ya raɗa wa kowane Bature suna. "Ga Alhaji Bilyaminu nan ya taho, bai san mi ka jiran shi ba!" Kafin tsuntsu ya sauko, rumfa ta yi tsit. Ran kasuwa kuma ya ɗaure talabijin da ƙaramin janareta a bayan babur ya nufi Dogon Daji ko Kebbe. A Kebbe ne wani ƙaton mahauci ya shige ƙarƙashin benci, har yau ana yi masa tsiya da shi.

To, sai waya ta zo, kowa ya koma kallo a tafin hannunsa. Rumfar ta yi ta ramewa har ta koma wurin da awaki ke shan inuwa. Namadi bai saduda ba. Wata ranar sallah da la'asar ya share wurin, ya lallaɓi tsohuwar na'urarsa har ta tashi, samari suka shigo don dai su ga abin da iyayensu ke ba da labari.

Kai, da ma bai yi ba! Tsuntsun farko na saukowa sai Gazali mai cajin waya ya miƙe yana nuni. "Baba, ga zare can! Wallahi da zare anka rataye shi!" Rumfa ta kece da dariya. Wani ya ce jinin manja ne, wani ya ce tsuntsayen ko inuwa ba su da ita, kuma guda ne ke ta wucewa yana dawowa. Namadi ya juya ya duba. Ga zaren kuwa, siriri, yana reto. Shekara da shekaru yana tsaye gefen wannan fim bai taɓa ganinsa ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma daga ranar ko ya rufe ido zaren yake gani.

Ya rufe rumfa, ya kwashi matarsa Hinde suka koma ƙauyen Fakku, inda gonar da mahaifinsa ya bari take. 'Ya'yansu mata ne, duk suna gidajen mazajensu. Kayan kallon ya rabar, wasu suka ruɓe, kaset ɗin tsuntsaye kaɗai ya naɗe a tsumma ya ajiye a ƙasan akwati. Noma kuwa a tsufa ba wasa ba ne. Gwiwa ta ƙi, baya ya ƙi, sai dai ya yi kunya ɗaya ya dafa ƙugu ya huta.

Bara maiwarsa ta yi kyau, irin kyan da ya sa Hinde ta fara gyara rumbu. Ƙwaya na fara cika sai jan-baki suka sauka, waɗannan ƙananan tsuntsayen da ke zuwa dubbai kamar hayaƙi. Masu iyali da yawa suka watsa yaransu cikin gonaki da gwangwani da ihu. Namadi daga shi sai Hinde. Muryar nan da ke cika rumfa a dā, kafin hantsi ta dushe. Idan maiwar nan ta tafi, rumbu ya zauna wayam, su kuma sai zaman jiran abin da surukai za su aiko. Wannan ne abin da ya fi tsoro a duniya.

Ran nan suna zaune gindin marke yana haki, Hinde ta ce, "Malam, ka ga gonar Na'iya? Zaren kaset ya ja bisa sanduna. In iska ta kaɗa shi shina walƙiya shina kuka, ba su sauka."

Namadi ya yi kamar bai ji ba.

"Da kai nika magana, Malam. Wanda ke cikin akwati ba ya tuwo."

"Shi kaɗai ya rage, Hinde."

"Maiwar ma ita kaɗai ta rage."

Washegari da sassafe ya ɗauko kaset ɗin, ya sa wuƙa ya ɓalle murfin. Ya ɗaure bakin zaren a sanda, ya bi kunya yana ja da baya, Alhaji Bilyaminu da tagoginsa da jinin manja duk suna warwarewa ta tsakanin yatsunsa. Bai yi kuka ba, gajiya ce kawai ta sauko masa har ƙashi. Zaren ya ƙare bai wuce rabin gonar ba.

Rana na ɗagawa iska ta taso, zaren ya fara sheƙi yana gurnani. Sai ga jan-baki sun taho baƙi ƙirin daga wajen fadama. Suka sauko, suka sauko, har ya ji fukafukansu, sannan gaba ɗaya suka yi sama a firgice, suka kewaye suka zube a rabin da babu zare.

Hinde, da idonta ba ya gani nesa, ta tambaya daga gindin marke, "Malam, sun ji tsoro?"

"Sun ji," in ji Namadi. "Su kaɗai sunka rage masu tsoron fim ɗin nan."

Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki gwangwaninsa, ya ja ƙafa ya nufi ɗaya rabin.